Katanga Uku a Tsakar Gidanmu

Jiya da la'asar ina zaune a bakin lungunmu ina tsince wake, sai wasu 'yan okada suka tsaya a inuwar katanga suna sauraron rediyo a waya. Ana ta muhawara a kan ƙara jihohi. Yaran sai murna suke, ɗaya yana rantsuwa cewa in aka yi, garinsu ne zai zama hedikwata. Can ya juyo ya ce da ni, "Hajiya, ke fa 'yar wace jiha ce?" Na ce ya janye babur ɗinsa daga bakin kwatata tun ban watsa masa ruwan wanke-wanke ba. Ya tafi yana dariya, a zatonsa rikicin tsufa ne. Ba tsufa ba ne, hankalina garau yake. Tambayar ce ba na son ji, domin na ga abin da ta yi wa gidan da nake zaune a cikinsa, na kuma ga abin da ta yi wa ubana.

A nan Agege aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Kakana ne ya zo. Sojan Turawa ne daga ƙasar Zuru, da aka sallame shi sai ya ƙi komawa, ya zauna kusa da tashar jirgin ƙasa inda 'yan'uwansa masu harkar goro suke. Su ne suka haɗu, fataken goro da masu shanu da tsofaffin sojoji, suka roƙi fili a wurin mai unguwar Yarabawa, suka kwaɓa ƙasa da ƙafafunsu, suka gina gidan baƙi. Ba na kowa ba ne, na jama'a ne. Yawancinsu mutanen yammacin Arewa ne, daga Sakkwato da Gusau da Argungu har Kontagora da Bida, amma ba wanda ya rubuta haka a bango. Suka damƙa wa kakana riƙon gidan, da ya rasu riƙon ya dawo hannun Baba. Zaure ne babba yana kallon layin dogo, da ƙofar katako mai murfi biyu wadda sai ka sa kafaɗa kafin ta buɗe. In ka wuce zauren sai tsakar gida, fili fetal, ɗakuna sun kewaye ta, rijiya a hannun hagu, murhu a tsakiya, mu kuma ɗakinmu yana can ƙurya.

Ni usur ɗin jirgi ne ya raine ni. Tun yana can nesa za ka ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tabarma, sai Inna ta ce, "Tashi, baƙinki sun iso." In tashi in hau jan ruwa, igiyar guga tana cin tafin hannu, in cika randuna, in dawo turmi. Turmin Inna babba ne, mu biyu muke dakawa, wani lokaci mu uku da 'yar Iya, maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da burodi. Luguden namu har masu ɗaurin goro a tasha suna ji, suna cewa yau akwai tuwo a gidan baƙi. Gidan kullum warin ɗanyen ganye yake, wanda ake naɗe goro da shi, da warin buhu mai laima, da hayaƙin itace. In damina ta sauka, ruwa ya dinga dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, baƙi su cika zaure maƙil, mai fita da shanu yana ba mai goro labarin hanya, wani yana koya wa sabon zuwa yadda zai gaishe da Bayarabe kada ya yi abin kunya a kasuwa. Tukunya ɗaya ce. Ban taɓa jin an ce a zuba wa mutanen gari kaza dabam ba. Yaran yanzu da suke kwana a kan babur a ƙarƙashin gada ba za su yarda an taɓa yin haka a Ikko ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Baba yana da ɗabi'a ɗaya da kowa ya san shi da ita. In jirgi ya tsaya, zai bi bakin tarago yana kira, "Wa ba shi da masauki?" Iyakar tambayarsa ke nan. Ya ce haramun ne a gidansa a tambayi baƙo garinsu bai ci abinci ba, in ya ƙoshi shi da kansa zai faɗa. Kuma da hannunsa yake buɗe ƙofar zauren, duka murfi biyun, ko da baƙon ɗaya ne tak da ƙunshinsa a hammata. Ta ƙofar nan ya ɗauki makarar ubansa ya fita da ita. Mutum ne da bai tara komai ba, bai kuma nemi komai ba, amma ya sha faɗa mana, yana dafe da katakon, cewa abu ɗaya yake roƙo in kwanansa ya ƙare: a buɗe masa murfi biyun nan a fita da shi a miƙe, yadda aka fita da ubansa. Mukan ce, "Kai Baba, da sauranka." Ba mu ɗauke shi wani babban roƙo ba, don wa zai hana mutum ƙofar gidan da yake shara kullum?

A zamanin da nake faɗa, lardi muka sani. Turawa ne suka yayyanka ƙasa suka ce wannan lardin Sakkwato, wannan lardin Neja, suka ajiye razdan a kan kowanne, duka kuma suna ƙarƙashin Kaduna. Su ma ba su tambayi kowa ba, har kakana yakan ce an taɓa sauya wa ƙasarsu lardi suna gona ba su sani ba. Amma abin bai biyo mu Agege ba. Ina budurwa sojoji suka fasa Arewa, suka haɗe lardunan nan biyu suka ce sunansu Jihar Arewa maso Yamma. A lokacin ne mu ma aka ce Agege ta fita daga hannun gwamnatin Badun ta koma Jihar Legas. Muka kwana muka tashi, rijiya tana inda take, jirgi ya zo a kan lokacinsa. Abin da ya ƙaru kawai shi ne an kafa ƙungiya, an naɗa ciyaman da sakatare, an rataya allo a goshin zaure. Baba bai so allon ba. Ya ce mutumin Kano da ya sauka da dare zai karanta ya zaci ba a son shi. Aka ce masa ai ado ne kawai.

Ado ne, sai da aka raba Neja da Sakkwato. Ranar da labari ya zo, mutanen da suka shekara suna cin tuwo a akushi ɗaya suka zauna a zaure rukuni biyu. Na Neja suka ce tunda gwamnati ta raba, su ma a raba musu, don in baƙin gwamna suka zo daga Minna suna son wurin da za su tarbe su da nasu allon. Aka kawo magini ya ja igiya daga gefen zaure har bangon baya. Rijiya ta faɗa ɓangaren Neja. Mu kuma fa? Kakana ɗan lardin Neja ne, kowa ya san haka, saboda haka muka kwashe kayanmu muka koma can, Inna tana mita tana ɗauka. Katanga ta kai kafaɗar mutum, sai wani falke ya sauka daga jirgi ya ce ai Zuru ba ta bi Neja ba, an liƙa ta a Sakkwato. Aka yi ta gardama har aka tabbatar. Muka sake kwasar kaya, muka zagaya ta titi da tukwane a ka, Iya mai burodi tana riƙe da ciki don dariya, tana cewa, "Ah ah, Hausa! Tafiya biyu kuka yi, ba ku bar gida ba o!" Turmin ne ya yi nauyi, samari suka ce ba za su zagaya da shi ba, suka ɗaga shi suka miƙa ta saman katanga. Kowa ya yi dariya, har da ni. Baba ne kaɗai bai yi ba.

Ba na cewa waɗanda suka nemi jiha a can gida mahaukata ne. Na ji da kunnena, a zauren nan, yadda mutum zai yi kwana da kwanaki a hanya kafin ya kai hedikwata a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, da yadda ake gina asibiti a gari ɗaya a manta da sauran. In sun ce suna son gwamnati a kusa da su, suna da hujja. Amma mu da muke Agege, wace hedikwata ce ta yi mana nisa? Daga ɗakin mutumin Bida zuwa ɗakin mutumin Gusau ko butar alwala ba za ta huce ba. Abin da yake ƙona mini rai ke nan har gobe. Wasu sun zauna a ofis sun ja layi a takarda, mu kuma muka sayo siminti muka mai da layin bulo a tsakar gidanmu, ba wanda ya sa mu. Kowa yana son a kira shi ciyaman. Tun daga lokacin ruwan da nake ja tun ina ƙarama ya zama sai na zagaya titi na yi sallama na roƙa.

Na yi aure a nan unguwar, na haihu, kullum ina leƙo su. Ina da 'ya'ya sun tasa aka cire Kebbi daga Sakkwato, aka ce Zuru tana Kebbi. Baba bai taɓa ganin Birnin Kebbi ba, Zurun ma sau ɗaya ya je yana yaro, amma aka wayi gari ya zama Bakabe a takarda. Aka ja katanga ta biyu, aka yanke mana ƙuryar gidan. Sakkwatawa suka riƙe zaure, don sun ce su ne uwa. A wannan karon Baba ya tsaya a kan magini har sai da aka bar ƙofa mai faɗi a jikin katangar, ta yadda daga ɗakinmu za ka miƙe ka ratsa tsakar gida ka fita ta zaure. Ya auna faɗin da makarar masallaci, ya sa aka ɗauko ta aka gwada, mutane suna cewa tsohon nan ya cika neman magana. Tukunya ta zama uku, kowace ƙarama. Baƙo in ya zo, kafin ya ajiye jakarsa sai a ce, "Daga wace jiha?" In ya faɗa a nuna masa ƙofa, in ba ya cikin ukun a ce ya gwada gaba. Baba yakan ji daga ɗaki, ya fito ya jawo mutumin ya zaunar da shi a tabarmarsa, Inna ta raba nasu biyu.

Ba a jima ba sai ga Zamfara. Sakkwatawa da Zamfarawa suka raba abin da ya rage, Zamfarawa suka sami tsakiya, wato daidai filin da ke tsakaninmu da zaure. Suka gina tasu katangar da Sakkwatawa, suka fasa 'yar ƙofa ta gefe zuwa titi, sannan suka ce ƙofar Baba ma za a toshe, don ba za a mai da jiharsu hanya ba. Mu aka ce mu bi ta bayan ban ɗaki, wani matsattsen lungu tsakanin bangonmu da na maƙwabta, wanda yake tafiya ya karya kwana kafin ya fita. Ina wurin ranar. Baba ya fito da sandarsa, ya tsaya a cikin ƙofar, ya ce da ciyaman ɗin Zamfarawa, wanda shi ya ɗauko shi daga tasha yana saurayi ko takalmi babu:

"Alhaji, ku gina abin da za ku gina, amma ku bar mini nan. Makara ba ta lanƙwasa. Je ka dubi lungun can da idonka."

Ciyaman ya gyara hula ya ce, "Baba, wagga magana ta mutuwa mi ya kawo ta? Allah shi ba ka yawan rai. Mu dai haƙƙinmu muka biɗa. Ku da anka haifa Ikko ba ku san zahin jiha ba."

Baba ya ce, "Ban sani ba kam. An sauya mini ita sau huɗu ina kan tabarma ɗaya."

Ni ban iya yin shiru ba. Na ce, "Alhaji, ka manta daren da ka sauka kana rawar sanyi? Wa ya tambaye ka jiharka? Wallahi ba ka da kunya, oga ciyaman!" Ya ce a janye matar nan, maganar maza ake. Aka janye ni. Aka lallaɓa Baba aka kai shi ɗaki da alkawarin za a duba, kafin magariba an jera bulo. Bayan kwana biyu suka kafa fasassun kwalabe a saman katangar, wai saboda ɓarayi.

Daga nan Baba ya daina zuwa tasha. Dama jirgin ya fara lalacewa, mutane sun koma bin manyan motoci suna sauka a Mile 12 da Ojota, amma ba wannan ne ya zaunar da shi ba. Ina zai kai baƙon? Ya bi da shi ta bayan ban ɗaki? Zauren da ya share tun yana yaro, in yana son ganinsa sai ya ratsa lungu, ya fita titi, ya zagaya, ya tarar da shi a kulle da kwaɗo, don Sakkwatawa sun mai da shi ofis. Sau da yawa na same shi zaune a dakalin waje ya jingina da katakon ƙofar, motocin haya na danfo suna wucewa suna watsa masa ruwan taɓo.

Da damina ya rasu, da hantsi, bayan 'yar gajerar jinya. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka naɗe shi a tabarma. Jama'a ta cika titi, don babu wanda bai ci tuwon gidan nan ba. Aka kawo makara daga masallaci, ta shiga lungu, ta isa kwanar, ta tsaya. Aka karkata ta, aka ɗaga ta, aka juya ta, ta ƙi. Wani ya ce to a fito da shi a hannu, da aka duba sai aka ga sai an tsayar da gawar a kan ƙafafunta kafin ta sha kwanar. Liman ya ce ba za a yi haka da Musulmi ba. Na fito daga cikin mata na ce a fasa katanga, Baba ya faɗa ya kuma faɗa ta ƙofar zaure za a fita da shi, kowa a nan shaida ne. Aka ce ciyaman ɗin Zamfarawa ya tafi gida Arewa, ba wanda zai iya ba da izini sai shi. Aka ce ko an fasa wannan akwai ta Sakkwatawa a gaba, kuma mai makullin zaure yana kasuwa. Aka ce rana tana yi, an riga an haƙa kabari, hadari yana haɗuwa. Kowa yana magana a hankali, cikin ladabi, kowa yana da hujja.

Ban san lokacin da na ɗauko taɓaryar Inna ba. Na dinga dukan wurin da ƙofar take a dā, ina duka ina zaginsu ɗaya bayan ɗaya, da jihohinsu da allunansu. Siminti ne mai kyau, ba su yi rowa ba. Ɗan ɓawo kawai ya ɓalle, taɓaryar ta tsage a hannuna. Iya mai burodi, ta tsufa ita ma a lokacin, ta rungume ni ta baya tana kuka tana cewa, "Ya isa, 'yata, ya isa, jo, don Allah." Sai na ji muryar Inna daga ɗaki, ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ki bar su su kai shi. Kada ki tsayar da shi a kan katanga."

Suka zagaya da makarar ta ƙofar Zamfarawa suka ajiye a gindin katangar ta can. Suka kawo tsani biyu. Suka shimfiɗa buhunan goro a kan kwalaben. Maza suka ɗaga ubana sama da kawunansu, na can suka miƙo hannu suka karɓa, gefen tabarmar ya maƙale a kwalba sai da wani ya fizge. Yadda aka miƙa turmi haka aka miƙa shi, sai dai yau ba wanda ya yi dariya. Suka fita da shi ta 'yar ƙofar gefe, a karkace, suka tsallaka kwata. Aka yi masa salla a titi, daf da ƙofar zaurensa, murfi biyun a rufe da kwaɗo. Da ciyaman ya dawo ya zo gaisuwa, ya zauna ya ce ai da yana nan da ya sa an fasa. Na tashi na bar masa ɗakin, kuma har ya mutu ban ƙara amsa gaisuwarsa ba. In laifi ne, Allah ya yafe mini, amma ban yi nadama ba.

Yanzu ni ce a ɗakin. Inna ta bi Baba, ita a asibiti ta cika, daga can aka wuce da ita, na gode wa Allah da bai nuna mini abu ɗaya sau biyu ba. Da mijina ya rasu 'ya'yana suka ce in koma Ogba wurinsu, akwai famfo, akwai fili. Na ƙi. Rijiyar Neja ta zama bola. Zaure ya zama wurin cajin waya, an yi wa katakon fenti ruwan ɗorawa, murfi ɗaya suke buɗewa. Allunan duk sun yi tsatsa, 'ya'yan ciyamomin ma ba su san hanyar garuruwan da aka yi rigimar dominsu ba, Yarabanci ya fi zama a bakinsu. Amma katangun suna nan daram, da tabon taɓaryata a jikin ɗaya.

Bara na aiki babban jikana kasuwa ya sayo mini guduma, irin ta masu fasa dutse. Tana bayan ƙofa, kullum na yi shara sai na ɗaga ta na share ƙarƙashinta. Na tara su, shi da ƙannensa, na nuna musu inda ƙofar Baba take, na kai su na nuna musu katangar Sakkwatawa, na nuna musu sakatar murfin da ba a buɗewa. Jikan ya sosa kai ya ce, "Hajiya, wannan wahala ce fa. Za su kira 'yan sanda." Na ce su kira, in sun zo su kama gawa. Na ce ba zan nemi izinin ciyaman ɗin kowa ba, kuma ban yafe ba in suka nema a madadina. Ranar da na cika, kada wanda ya ɗora ruwan wankana a wuta sai katangun nan biyu sun faɗi. Ta ƙofar da aka hana ubana zan fita, a miƙe, murfi biyu a buɗe.